Damin Gidan Nomau

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Haruna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a kan hanya, Ya tsare ka a wurin aiki da wurin kwana, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wannan ƙasa ta Yarbawa da ka sauka, Ya kau da idon mugu daga kanka. Mahaifiyarka tana gaishe ka, haka ma ƙannenka. Mu duka muna lafiya, sai godiyar Allah.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a aljihunka. Dalili shi ne, ni mutum ne da magana ke tsere wa da zarar na kara waya a kunne. Sai mun yi sallama sannan in tuna abin da na kira ka dominsa. Kuma abin da ke bakina ba irin wanda ake faɗa ana fargabar yankewar layi ba ne. Na ba direban motar masara da ke zuwa wajenku takardar, na naɗe ta cikin leda saboda ruwa, na kuma sake maimaita masa kwatancen gidan da kake har sai da ya ce mini ya haddace. Idan ta iso, ka nemi wuri ka zauna, kada ka karanta ta a tsaye.

Ranar da za ka tafi, muna bakin titi muna jiran mota, ka yi mini wata tambaya. Ka ce, “Baba, wai shi mai sunan nawa a ina aka binne shi?” Na ce maka ka riƙe jakarka da kyau ga mota nan tafe. Ka waiga, babu mota. Gaskiyar magana ita ce ban sani ba. Ina noma gonar mutum, ina cin albarkacinsa, na sa wa ɗana sunansa, amma ban san inda yake kwance ba. Tun daga ranar tambayar nan ba ta bar ni na sake ba. Wannan takarda amsarta ce, sai dai dole in bi da kai ta doguwar hanya, domin ta can na ɓata.

Kakana Malam Haruna, wanda ka ci sunansa, ba ɗan nan ba ne. Daga wajen Matazu ya taso, a wata shekara da ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba. Marini ne. Ya yiwo kudu da matarsa Iya Dije, da jaki, da turmi, da muciyar rini, yana neman inda zai sami ruwa da ganyen baba na rini da masu saƙa. A wancan zamani tsakanin Tsiga da Malumfashi daji ne, sai gidajen Maguzawa jefi-jefi, kowane gida a tsakiyar gonakinsa, sai ka yi tafiya mai nisa daga wannan kafin ka ji carar zakaran wancan. Wata rana da la’asar suka tsaya a ƙofar wani Bamaguje mai suna Nomau, suka roƙi ruwa. Nomau ya dubi jakin, ya dubi matar da ke ɗauke da tsohon ciki, ya ce, “Baƙo, ina za ka?”

Kakana ya ce, “Inda Allah Ya nufa.”

Nomau ya ce, “To ai nan Ya nufa, ga jakinka ya riga ya kwanta.”

Ya sa aka fafe sabuwar ƙwarya aka kawo musu ruwa a ciki, domin ya san ƙoren gidansa sun ga giya, kuma ya ga allo a cikin kayan baƙon. Wannan shi ne farkon abin da ya shiga tsakanin gidajen nan biyu, kuma ina so ka lura da cewa ba a yi wata magana a kansa ba. An dai fafe ƙwarya.

Kashegari Nomau ya hau da shi wani tudu, ya nuna masa daga kukar can zuwa bakin rafi, ya ce ya sare iya ƙarfin hannunsa. Kakana ya so ya fara da ɗaki. Nomau ya ce a’a, da rumbu ake farawa. Kakana ya ce, “Me zan zuba a ciki?” Nomau ya ce, “Rumbu wofi shi ke tayar da mutum da asuba.” Aka gina rumbu, su kuwa suka zauna a bukkar kara. Da aka rufe rumbun, matan Nomau suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowace da ƙwaryar hatsi a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya, suka zuba, suka wuce. A cikin bukkar nan aka haifi mahaifina, kakanka Malam Sani, kuma uwargidan Nomau ce ta yanke masa cibi.

Sai bayan kaka aka yi gayyar gini. Maza suka kwaɓa ƙasa suka mulmula tubali, aka ɗaga ɗakuna, aka ɗora musu jinka. Mata suka yi daɓe suna waƙa, suka yayyafa masa makuba har ya yi baƙi yana sheƙi. Aka kewaye gida da darni, aka haƙa rijiya, daga baya kakana ya haƙa karofinsa na rini a gabas da gida. Da labari ya bazu cewa akwai marini a wurin, masaƙa suka fara kawo zane, wani maƙeri ya zo ya nemi wuri, bayansa mahauci, bayansa wani mai kiwon tumaki. Kowa ya zo, kakana ba ya ba shi wuri da kansa. Sai ya kama hannunsa ya kai shi gaban Nomau. Maguzawa suka riƙa kiran wurin Gidan Baƙo, sunan ya bi shi har yau. Na taɓa jin kunyar sunan nan. Da za a kafa allon suna a bakin titi, ni ne na tashi a taro na ce a sauya shi, wai kada a ɗauka mu ba ’yan ƙasa ba ne. Allah Ya sa dattawa ba su bi ta kaina ba. Kada ka taɓa jin kunyar a ce kakanka baƙo ne, Haruna. Baƙon da aka riƙe har ya yi jikoki, shaida ce a kan halinsa da halin waɗanda suka riƙe shi.

Abubuwa biyu suka ɗaure gidajen nan. Idan gidan Nomau za su yi biki ko suna, ba sa yanka akuya da kansu. Sai su aiko a kira namijin gidanmu ya yanka, domin mu ma mu iya ci. Mu kuma duk kaka, damin dawa na farko da aka ɗaure a gonarmu ba ya shiga rumbu. Maigida ke ɗaukarsa a kansa, ba a jaki ba, ba kuma a kan yaro ba, ya kai ƙofar gidan Nomau ya sauke. Su kuma su ba shi ƙwaryar irin wake ya komo da ita. Ba galla ba ce, wato ladan aron gona, ba haraji ba ne. Gaisuwa ce.

A zamanin mahaifina aka fitar da hanyar motocin auduga, mutane suka riƙa tasowa suna komawa bakin titi, har tsohon wurin ya zama kufai. Amma zauren kakana ya daɗe a tsaye, ni ma na gan shi da idona. Ƙofarsa gajera ce, ko hakimi ne sai ya sunkuya. Cikinsa sanyi ko da a tsakiyar bazara, tsattsewa sun yi sheƙa a rufinsa, kuma a jikin ginshiƙin akwai shatin hannu shuɗi inda mai gidan ke dafawa idan ya dawo daga karofi. Nakan ɗora tafina a kai in ga yadda ya haɗiye nawa. Idan muka je noma muka gaji, a nan muke shan fura. Har yanzu idan ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar ƙasa, ƙamshin zauren nan nake ji. Kewaye da shi akwai itatuwa: gawo, da kanya, da kalgo, da wata aduwa a bayan inda ɗakin kakana yake.

Nakan bi mahaifina idan zai kai dami. A lokacin Nomau ya rasu, autansa Tunau ne maigida. Baba Tunau dogo ne, mai dariya da dukan jiki, kuma bai taɓa kirana da sunana ba. Da ya hango mu sai ya ɗaga murya, “Ga baƙi, ga baƙi! Jikan baƙo, yaushe za ku koma Matazu ku ba mu wurinmu?” Mahaifina ya ce, “Sai jakin ya tashi.” Su yi ta dariya, a soya mini gyaɗa, in cika aljihu. Ban san ina cikin arziki ba.

Ka san ban yi makarantar boko ba. A ajin yaƙi da jahilci na koyi karatu, bayan na fara gemu, kuma abin da na fara samu na karanta shi ne ƙasidun malaman gona. Ina da su har yau a cikin akwatin ƙarfe, kowace a mazauninta. Ba zan zage su ba. Daga cikinsu na koyi tazarar shuka, da lokacin feshin auduga, da yadda ake tsare rijiya daga ƙazanta, kuma da amfaninsu na yi muku makaranta. Laifin ba nasu ba ne. Nawa ne, domin na ɗauka duk abin da ba a buga a takarda ba, ba ilimi ba ne.

Mahaifina mutum ne mai ƙarancin magana. Abin da kawai ya taɓa gaya mini game da kufai shi ne, “Itacen kufai ba a sa masa gatari.” Ban tambaye shi dalili ba. Na yanke hukunci a raina cewa tsoron iskoki ne ya shafo daga maƙwabta. Bayan rasuwarsa na sayi shanun huɗa da garma. A cikin wata ƙasida akwai zanen gona fes, kunya a miƙe kamar an ja da zare, babu kututture ko ɗaya. Na sa zanen nan a gabana. Na kira masu gatari muka shiga kufai. Zauren ma na rushe shi, na baza ƙasarsa a gona domin na ji an ce tsohuwar ƙasar gini taki ce. Kuma taki ce, dawa ta yi kyau a shekarar. Wannan ne ya ƙara rufe mini ido.

Muna cikin saran sai ga Baba Tunau ya zo ya tsaya a bakin gona, yana dogare da sanda. Ya ce, “Jikan baƙo, duka za ka kwantar?”

Na ce, “Duka, Baba.”

Ya ce, “To waccan ta bayan ɗakin...”

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, “Baba, idan maganar iskoki ce, mu mun bar ta tuni.”

Ya dube ni, ya juya. Ina kallon bayansa har ya shige dawa, ina jin kaina kamar wanda ya ci nasara.

Duk itatuwan nan sun mutu, ban da aduwar. Ita kam kowace damina sai ta toho a tsakiyar kunya, ta tsayar mini da shanu, ta yage mini ƙafa. Na sare ta, na ƙone kututturen, na tona saiwar iya zurfin da na iya, baɗi ta sake fitowa. Kai ma ka sha sa mata fartanya. Ka tuna ranar da ƙayarta ta shige maka diddige, mahaifiyarka ta cire da allura kana ihu, ni kuwa ina tsine wa itacen.

Ga abin da nake so ka ɗauka daga nan. Idan babba ya buɗe baki, ka bar shi ya kai aya, ko da kana ganin ka san inda zai sauka. A inda kake yanzu za ka ga mutane suna yin abubuwan da ba ka san kansu ba: wurin da ba a zubar da ruwa, ƙofar da ba a bi, itacen da ba a taɓawa. Kada ka yi saurin cewa camfi ne. Ka tambaya, kuma ka tambaya da murya ƙasa. Idan abin ya saɓa wa addininka, ka bar shi cikin ladabi ba tare da ka kunyata mai shi ba. Idan bai saɓa ba, ka kiyaye musu. Ni rabin jimla na hana dattijo ƙarasawa, kuma rabin jimlar nan na yi shekaru ina biya.

Ban tsaya nan ba. Lokacin da aka fara maganar yi wa gonaki takarda, na haɗu da wani mai wayon birni a tashar Funtuwa, muna jiran mota ta cika. Na ba shi labarin damin da muke kaiwa, ina alfahari. Ya kama baki ya ce, “Malam, kana haƙa wa ’ya’yanka rami! Duk wanda ya ga kana kai dami zai ce aron gonar aka ba ku. Ranar da aka je gaban alƙali, damin nan shi ne shaidarsu.” Ka san halina, ƙaramin abu ma hana ni sukuni yake yi. Na yi ta juya maganar, na duba ƙasiduna ban ga inda aka ce a kai dami ba. Da kaka ta zo, na ɗaure damin farko na jefa shi rumbu.

Baba Tunau bai aiko ya tambaya ba. Abin da ya yi ya fi tambaya ciwo: ya aiko da ƙwaryar irin wake kamar kullum. Na karɓa, na shuka, ban mayar da komai ba. Da za a yi bikin ɗansa aka aiko a kira ni yanka, kunya ta hana ni zuwa, na ce a gaya musu ina da uzuri. Suka ɗauko mahauci daga Tsiga. Daga ranar ba su sake kira ba. Babu wanda ya zagi wani, babu wanda ya kai ƙarar wani, kuma har yau babu wani daga gidan Nomau da ya taɓa cewa taku ɗaya na gonarmu nasa ne. Abin da na ji wa tsoro bai taɓa zuwa ba. Abin da ban ji wa tsoro ba shi ya same ni: muka koma mutanen da ke gaisawa a kasuwa kawai.

Ka gaya wa mahaifiyarka a waya cewa tsohuwar da kake haya a gidanta takan kira ka cin abinci, kai kuma kana ƙi, wai barkono ya yi yawa kuma kana jin nauyi. Haruna, ka ci. Ka tambaye ta abin da ke ciki, idan halal ne ka zauna ka ci, ko hawaye na zuba. Wannan kiran da take yi maka, sabuwar ƙwarya ce take fafe maka, ba kowane baƙo ake yi wa ba. Ka koyi gaisuwarsu da harshensu, ka rusuna yadda ’ya’yansu ke rusunawa gwargwadon abin da ya halatta. Idan fitilarta ta lalace, kai da aikinka haɗa wutar sola ne, kada ka jira ta roƙe ka. Kuma duk lokacin da Allah Ya buɗa maka, ka ware mata wani abu daga na farko, ka kai mata da hannunka. Ba haƙƙin ɗaki nake nufi ba, wannan dabam. Kada kuma wani mai wayon tasha ya gaya maka cewa godiya tana rage wa mutum ’yanci.

Yanzu ga abin da ya faru bayan tafiyarka. Na zauna na lissafa waɗanda suka ga jana’izar kakana, na ga duk sun tafi, saura mutum ɗaya, shi ne wanda na katse wa magana. Baba Tunau ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo, jikansa ya ɗauke shi ya koma da shi bayan garin Malumfashi kusa da asibiti. Na san idan ya rufe ido, amsarka ta tafi ke nan har abada. Duk da haka na yi ta ɗagawa, yau in ce sai an yanke dawa, gobe in ce sai ta bushe. Da ta bushe, dalili ya ƙare mini. Na ɗaure damin farko, na kwance, na sake ɗaurewa domin bai yi mini daidai ba.

Mahaifiyarka ta fito ta gan ni ina naɗa gammo. Ta ce, “Malam, ina zuwa da dami a ka kamar ɗan ƙodago?”

Na ce, “Gidan Nomau.”

Ta ce, “Ikon Allah! Yau kuma a wace ƙasidar aka rubuta?”

Na ce, “Ke dai yi mini addu’a. Idan ya kore ni fa?”

Ta ce, “In ya kore ka ai ya yi daidai. Amma ka je. Tsaya in ba ka daddawa ka kai wa matar jikan, kada ka shiga gidan mutane da dawa tsura.”

Na hau bas zuwa Malumfashi, daga tasha na shiga keke mai ƙafa uku. Mai keken ya so ya kai ni har ƙofa, na ce ya sauke ni a bakin layi, domin dami ba ya isa gidan Nomau sai a kan maigida. Na ɗora, na kama tafiya da babbar rigata, yara na bina suna dariya, wuyana na ƙara. Tun a mota nake tsara jawabin neman gafara, na shirya farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa.

Na same shi a tabarma ƙarƙashin rumfar kwano, rediyo a gefensa. Ya rame, amma tsawon na nan. Kafin in yi sallama ya karkata kai ya ce, “Wannan ai motsin dawa nake ji. Wa ke kawo wa makaho aiki?”

Na yi sallama, na sauke damin a gabansa, na durƙusa.

Ya ce, “Muryar Sani ce, amma Sani ya riga ni. To jikan baƙo ne.”

Na ce, “Ni ne, Baba.”

Ya ce, “Ɓatan hanya ka yi, ko jakin ne ya tashi za ku koma Matazu?”

Matar jikansa da ke tankaɗe a gefe ta fashe da dariya. Ya miƙa hannu ya shafa kawunan dawar, ya murza ɗaya ya kai hanci, ya laluba igiyar. Ya ce, “Kaura ce, ta yi ido. Ɗaurin dai bai kai na ubanka ba. Sauran na shekarun baya fa, suna mota?”

Na buɗe baki zan fara jawabina, sai na tarar babu ko kalma ɗaya a kaina. Abin da ya fito kawai shi ne, “Baba, na yi laifi.”

Ya ce, “Bari, bari. Ni da kake gani na sayar da kufan Nomau, an gina gidan kaji a kai. Idan iska ta kaɗo daga can, warin da mutane ke ji ke nan a madadin gidan ubana. Wa zai yi wa wani dariya? Ke, kawo masa ruwa. Ki duba ƙwaryar da kyau, malami ne.”

Bayan na sha, na gaya masa tambayarka. Ya gyara zama a kan tabarmar. Can ya ce, “Ina ƙarami a lokacin, ko walki ban fara ɗaurawa ba, saboda haka ba zan ce maka taku kaza daga zaure ba. Abin da na riƙe shi ne, a bayan ɗakinsa aka sa shi, yadda ake yi wa masu gida a da. Nomau ne ya yi haƙan da hannunsa, da tsufansa, ya hana kowa karɓar masa. Da malamai suka yi sahu za su yi sallarsu, ya ja mu muka koma gefe muka tsaya. A lokacin kuraye sun yi yawa, sai ya aike mu mu jawo rassan aduwa a rufe wurin da ƙaya. Rassan da ’ya’yansu, muna ja muna tsotsa, har na sha mari. Da damina ta zo, ɗaya ta tsiro a kan wurin. Nomau ya ce kada wanda ya taɓa ta, baƙonsa ne ya kafa sanda.” Ya juyo da fuskarsa wajena. “Ita na zo gaya maka ranar nan. Amma tunda ka sare ta, sai dai ka tambaye shi da kanka idan kun haɗu.”

Haruna, sai na matso kusa da shi. Na ce, “Baba, ba ta mutu ba.”

Ya ce, “Me ka ce?”

Na ce, “Duk shekara sai ta toho. Na sare, na ƙone, na tona. Yanzu haka tana nan, ta kai gwiwa.”

Ya ce, “Aradu?” Sai ya kama dariya irin tasa ta da, da dukan jiki, har tari ya sarƙe shi, hawaye na bin kumatunsa. Da ya samu numfashi ya ce, “Taurin kai irin na marina! Nomau ya ce masa zauna, shi ke nan ya ƙi tashi.”

Ban baro gidan ba sai da ya sa aka auno mini irin wake a ƙwarya. Ya ce, “Baɗi idan ina nan, ka zo mini da mai sunan baƙon in shafa kansa. Idan ba na nan, jikana ya san abin da ake yi da dami, na gaya masa tun yana yaro. Ku ne kuka manta, mu ba mu manta ba.”

Daga tasha ban shiga gida ba, kufai na wuce. Na same ta a tsakiyar karan dawa, ’yar ƙarama, duk jikinta tabon fartanyata. Na cire takalmi, na yi wa kakana addu’a, na yi wa Iya Dije da mahaifina, na kuma tuna Nomau da alherinsa. Kashegari na kewaye ta da shinge, na gaya wa ƙannenka cewa daga bana garma za ta riƙa kauce wa wurin, ko kunya ta karkace. To ga amsarka: mai sunanka yana ƙarƙashin ƙayar da ta soke ka.

A cikin ledar nan za ka ga ƙullin wake. Daga ƙwaryar Baba Tunau na ɗebo. Ka kai wa tsohuwar gidanku, ka miƙa mata da hannu biyu, ka ce daga mahaifinka, yana godiya da riƙon da take yi maka. Ka duba ƙullin da kyau kada ƙwari su shiga. Kuma ka fara neman izini a wurin aiki tun da wuri domin kakar baɗi. Ni zan ɗauki damin, kai za ka bi ni a baya, yadda na bi nawa uban, don ka ga hanya.

Allah Ya tsare mini kai, Ya tsare addininka da mutuncinka, Ya sa ka zama baƙon da ba a gajiya da shi. Allah Ya ba Baba Tunau lafiya, Ya nuna masa kai. Allah Ya dawo da kai gida lafiya, Ya same mu lafiya. Kuma ranar da ka dawo, idan ka shiga gona ka ga ƙaya a tsakiyar kunya, kada ka ɗaga fartanya. Ka yi sallama.

Ni ne mahaifinka,
Isiyaku, jikan baƙo.